Darasi na 7: Ƙara Faɗin Ƙafafun Babur Mai Taya Huɗu

Babur mai taya huɗu abin hawa ne na gona, daji da rairayi. Manoma da makiyaya a Amurka da Ostireliya suna zagaya gonakinsu da shi. Babbar matsalarsa ita ce kifewa, domin yana da tsawo sama, kuma tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu ba ta da yawa. Duk wanda ya taɓa ganin keke napep ya ɗaga ƙafa ɗaya a kwana ya san wannan hatsarin. Irin waɗannan baburan gona na farko-farko ma taya uku gare su. Yawan haɗari ya sa aka daina sayar da sababbinsu a Amurka a 1988.

Idan aka ƙara faɗi, babur ɗin yana ƙara zama daram a kwana da gefen tudu.

Hanya mafi sauƙi ita ce saka faifan alminiyom tsakanin wili da inda ake ɗaura shi. Kaurin faifan yakan kama daga inci 1 zuwa inci 2. Ku lura da lissafin: faifan inci 1 a dama da inci 1 a hagu ya ƙara inci 2 ke nan. Kafin ku saya, ku duba ramukan noti. Yawancin Honda ramuka 4 ne a kan da'irar milimita 110, amma baburan kamfanin Polaris da yawa milimita 156 ne, don haka faifan wannan ba ya shiga wancan.

Ku tsayar da babur a ƙasa mai daidaito, ku sassauta noti, sannan ku ɗaga da jak, ku cire taya. Ku goge laka da tsatsa tas, domin ɗan yashi kaɗan yana hana faifan kwanciya, taya ta riƙa rawa. Ku saka faifan, ku mayar da taya, ku ɗaure noti a gicciye, wato wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, gwargwadon ƙarfin da littafin babur ya faɗa. Bayan fitar farko ku sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Kada a tsallake wannan, don Allah. Taya tana iya ficewa mutum yana cikin tafiya.

Akwai kuma sauya wili da mai fitowa waje, ko sauya hannuwan gaba (ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba) da gatarin baya da dogaye. Wannan ya fi inganci, amma da tsada, kuma aikin ƙwararren makanike ne, don har tiyon birki yakan buƙaci sauyi.

Faɗin yana da tasa illar. Taya ta yi nisa da boris, saboda haka nauyi ya ƙaru a kansa, zai kuma riga lokacinsa lalacewa. Kan babur yakan fizgi hannu idan taya ta daki dutse. A ganina inci 1 ko 1.5 a kowane gefe ya ishi mai aikin gona. Kuma ko an ƙara faɗi, a rage gudu a kwana, a karkata jiki wajen da ake juyawa, a sa hular kwano.

Aiki

1. Faɗin babur inci 44 ne. An saka faifan inci 1.5 a kowane gefe. Nawa ya koma?
2. Me ya sa ake goge laka kafin a saka faifai?
3. Ku rubuta jimla biyu a kan abin da faifai ke jawo wa boris.