Yadda ake canza tayimin cen da famfon ruwa a Nissan 350Z

Masu ta tambaya ta inbos yadda ake wannan aikin, ga shi nan. A injin VQ35DE na wannan motar, cen ɗin (sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin) ne ke juya famfon ruwa, shi ya sa in ka buɗe gara ka canza su tare kawai.

1. Bari inji ya huce, ka cire kan batir.
2. Juye ruwan lagireto da baƙin mai.
3. Cire fanbel.
4. Juya inji da hannu har fistin na 1 ya hau sama, makin da ke jikin fulin ƙasa ya daidaita.
5. Kwance fulin ƙasa.
6. Buɗe murfin gaban inji wanda ya rufe cen, a hankali don gam ne ya riƙe shi, kar ka ɓanɓare da ƙarfi alminiyom ne zai tsage.
7. Cire tenshina (abin da ke ɗame cen), sannan cen.
8. Zaro famfon, sa sabo da sababbin robobinsa guda 2.
9. Ɗora sabon cen, ƙwayoyin cen masu kala su zauna kan makinsu. Nan ake ɓarna wallahi, in ya goce bawul na iya dukan fistin.
10. Sa sabon tenshina, juya inji zagaye 2 da hannu.
11. Kankare tsohon gam tas, shafa sabo ka rufe.
12. Mayar da fuli da fanbel.
13. Zuba mai da ruwa, ka fitar da iska sosai kafin ka hau titi, injin nan yana riƙe iska ya yi zafi.