Babi na 7: Buɗe Ƙaramin Gidan Motsa Jiki

Ku ɗauko littafinku da biro da abin ja layi. Akwai lambobi a wannan babi, amma kada gabanku ya faɗi, sannu a hankali za mu bi su. Wanda ya tsaya ya sake karanta layi sau uku bai yi laifi ba.

Darasi na 1: Me kuke sayarwa?

A gidan motsa jiki mutum zai biya, ya shiga, ya ɗaga ƙarfe, ya yi gumi, ya tafi hannu wofi. To me ya saya? Izinin shiga na wata ɗaya. Ku ja layi a ƙarƙashin "wata ɗaya", za mu dawo kansa.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Minti 150 rabin awa ne sau biyar. Mai wuni a kan kujera ba ya samun haka, shi ne kuke jira a bakin ƙofa.

Darasi na 2: Ɗaki da kaya

Ku fara duba iska kafin fenti. Mutum goma suna gumi a ɗaki marar taga, gobe ba za ku ga ko uku ba. Ku nemi ɗakin da ba a saman bene yake ba, domin ƙarfe yana faɗuwa, kuma ku shimfiɗa roba mai kauri.

Ku je da abin awo. Babban sandan ɗaga ƙarfe tsawonsa mita 2.2 ne, nauyinsa kilo 20, na mata kuwa kilo 15. Idan faɗin ɗakin bai kai mita 3 ba, ta ina mutum zai tsaya ya zura faifan ƙarfe?

Kowa yana son ya fara da na'urar gudu saboda tana burge ido. Ni dai ban ba ku shawara ba. Tana da inji, tana da bel, tana shan lantarki, ranar da ta tsaya sai kun nemo mai gyara. Ƙarfe kuwa ba ya tsayawa. Ku fara da benci, sanda, fayafayai, ƙananan ƙarafan hannu, igiyar tsalle da tabarmin roba. Kayan da aka taɓa amfani da su ma suna yi, in kun duba walda da tsatsa.

Darasi na 3: Littafin biya

Nan ne ɗalibaina suke tuntuɓe, kowace shekara. Ku gyara zama.

Ku buɗe sabon shafi, ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Kun sami gida huɗu. A kan na farko ku rubuta SUNA. Na biyu, KUƊI. Na uku, RANAR BIYA. Na huɗu, RANAR ƘAREWA.

Gida uku na farko ba sa ba kowa wahala. Na huɗun ne ake bari fayau, alhali shi ne kasuwancin. Mun ce wata ɗaya kuke sayarwa. In ba ku rubuta ranar da watan zai ƙare ba, mutum zai biya wata ɗaya ya ci wata biyu, ba don shi macuci ba ne, don ba wanda ya tuna.

Ga yadda ake samo ta. Ku ɗauki ranar biya, ku tsallaka wata mai zuwa, ku rage kwana ɗaya. Wanda ya biya 10 ga Maris, tsallakawa ta kai mu 10 ga Afrilu, a rage ɗaya, 9 ga Afrilu. Ku rubuta 9 ga Afrilu a gida na huɗu. Yanzu, yana tsaye a gabanku, kafin kuɗin ya shiga aljihu.

Mu sake. Ya biya 18 ga Mayu. Tsallaka: 18 ga Yuni. Rage ɗaya: 17 ga Yuni. Madalla, kun ga ba wuya.

Mu sake kuma. Ya biya 1 ga Yuni. Tsallaka: 1 ga Yuli. Rage ɗaya? Babu "sifili ga Yuli". Ana komawa ranar ƙarshe ta Yuni, wato 30 ga Yuni. In kun ruɗe ku dubi kalanda, don haka aka rataye ta.

Sai ku rubuta wannan ranar a kan rasit ɗinsa ma. Ɗaya a littafinku, ɗaya a hannunsa, gardama ta ƙare.

Akwai wani ɗalibina da ya ce mini, "Malam, ai mutanena duk na san su, komai yana kaina." Da muka zauna muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin masu shiga watansu ya wuce. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kai ba littafi ba ne. Kuna iya ƙirga sau nawa mutum ya ɗaga ƙarfe, amma rubuta rana ɗaya ya gagare ku? Kada wanda ya sake kawo mini littafi da gida na huɗu babu komai. Zan mayar masa.

To, ku yi haƙuri, mu ci gaba. Kowace safiya, kafin ku share ɗaki, ku ɗora yatsa a gida na huɗu ku gangara. Wanda ranarsa ta rage kwana uku, ku tuna masa cikin fara'a. Gida na huɗu, ba na uku ba.

Darasi na 4: Mutum nawa kuke bukata?

Ku haɗa abin da kuke kashewa a wata: haya, lantarki, ruwa, gyara, da albashinku. I, naku ma. A ce jimla 600 ce, kowane mutum yana biyan 20. Ku raba 600 da 20, kun sami 30. Sai mutum na 31 riba take farawa. Masu biya ake ƙirgawa, ba masu shiga ba, kuma littafin darasi na 3 ne zai faɗa muku.

Darasi na 5: Lafiya da takardu

Ku tambayi sabon zuwa ko yana da ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon ƙirji. In ya ce i, ya fara ganin likita. Ku ajiye akwatin taimakon gaggawa. Ku yi rajistar kasuwancin.

Darasi na 6: Talla

Ku kafa allo a ƙofa mai ɗauke da lokacin buɗewa da na rufewa.

Aikin gida: mutum uku sun biya, 5 ga Agusta, 1 ga Oktoba, 25 ga Disamba. Ku cika musu gida na huɗu. Na ƙarshen, ku lura da shekara.