Yadda za ka haddace kalmomin Turanci masu ƙarewa da "ight"

An sha tambayata wannan, to ga hanyar da nake bi.

1. Rubuta "ight" sau 5 a takarda.
2. Sa harafi ɗaya a farkon kowanne: l, n, f, t, r.
3. Rubuta ma'anarsu a gefe: light haske, night dare, fight faɗa, tight matsattse, right dama. Right ɗin nan ka riƙe ta da kyau, tana kuma nufin daidai ko haƙƙi.
4. Karanta su a bayyane: lait, nait, fait. Ba a furta "gh" ko kaɗan.

Hattara: eight, wato takwas, da weight, nauyi, "eit" da "weit" ake cewa. A nan mutane suke yawan tuntuɓe.

5. Rufe gefen Hausar ka gwada kanka.