Yadda Ake Gano Iyakar Yawon Jangwada da Damo

Mai son sanin iyakar filin da ƙadangare yake yawo ya fara da jangwada, domin shi ba ya ɓuya, kuma kowane babban namiji yana da katanga ko itacen da yake tsarewa tare da matansa, yana gyaɗa kai ga duk namijin da ya matso. A zaɓi guda mai alama, kamar guntuwar wutsiya ko tabo, saboda jan kansa yakan dushe da sanyin safiya har mutum ya kasa bambanta shi da wani. A zana taswirar wurin a takarda, a riƙa ɗiga alama duk inda aka gan shi da hantsi da la'asar, har mako 3. Idan aka ja layi aka haɗa ɗigogin da suka fi nisa, abin da ya fito shi ne filinsa.

Damo kuwa sai an yi masa irin haƙurinsa, domin ba kasafai ake ganinsa ba, sawunsa ake karantawa. Jigawar gonakin da ke kewaye da Maraɗi tana sauƙaƙa wannan aiki, tun da rairayi yana riƙe sawu. Da magariba a share bakin ramin da ake zato, ko gindin suri, a lallaɓe ƙasar da reshe, sannan a gicciya siririn kara a ƙofar. Idan aka dawo washegari da rana aka tarar karan ya faɗi, ga shatar farata hagu da dama, ga layin wutsiya yana lanƙwasa a tsakiya, to akwai mai gida. Layin wutsiyar nan shi ne babbar shaida. Ni kaina na taɓa yin kwana 10 ina gadin wani rami, ashe na kurege ne. A bakin tafkin Madarumfa ko Gulbin Maraɗi kuma, sawun yana iya zama na guza, wadda ta fi son ruwa.

Kada a kuskura a sa hannu cikin rami, domin kububuwa da kunama ma nan suke fakewa. A ɗauki wurin kowane rami da GPS na salula, kasancewar damo yakan sauya maɓoya tsakanin rami da suri da kogon itace.

Lokacin da aka yi aikin shi ne yake yanke girman filin. Daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ƙadandoniya da gyare suka yawaita, damo yana fita kiwo, maza kuma suna ƙara nisa wajen neman mata. Da rani kuwa yakan lafe makonni bai ci komai ba, yana rayuwa da kitsen da ya tara, saboda haka karan da bai motsa ba a watan Fabrairu ba ya nuna cewa ramin kango ne. A rubuta ranar, a bar karan a wurinsa, a dawo bayan ruwan farko.