Yadda ake sa fimento a gashin kaza

Fimento 'ya'yan bishiya guda ne, ba haɗin kayan ƙamshi ba, ko da yake a jikin kwalba allspice, wato "duk kayan ƙamshi", za ki ga an rubuta. Asalin bishiyar Jamaika da kudancin Meziko, dangin gwaiba da kanumfari ce. Ana tsinke 'ya'yan tun suna kore, a shanya a rana har su koma ruwan ƙasa. Mutanen Jamaika da shi da attarugu suke jiƙa naman gashi.

Uwargida, ƙwayarsa za ki saya, kada ki yarda da gari. A damshin Legas garin ba ya jimawa sai ya dunƙule, ƙamshin ya gudu. A manyan kantuna aka fi samun fimento, da tsada kuwa, amma ƙaramar kwalba sai ta kai ki watanni. In kin shiga Mile 12 ko kasuwar Agege wani ya miƙo miki masoro ya ce ai duk ɗaya ne, ki duba da kyau. Masoro yana da 'yar wutsiya. Fimento ya fi shi girma, ba shi da wutsiya, akwai ɗan zobe a kansa, kuma in kin girgiza shi kusa da kunne za ki ji 'ya'yan ciki suna motsi.

Wurin suya ake yin ɓarna. Ki ɗora busasshen kasko, babu mai, wuta ƙasa-ƙasa, ki zuba cokali ɗaya kina juyawa. Masu koyo sai su tsaya jiran launi ya sauya kamar suyar gyaɗa. Shi kuwa dama ruwan ƙasa ne, ido ba zai gaya miki komai ba, kafin ki ga ya yi duhu ya riga ya ƙone, ɗaci ya shige shi, kuma babu abin da zai cire wannan ɗacin daga nama. Hanci ne alƙali. Da zarar ƙamshi ya bugo ki, wajen minti 2 ke nan, ki juye a faranti nan take, don in kin bar shi a kaskon zafin ƙarfen zai ci gaba da cin sa ko an kashe wuta. Sai ya huce sarai za ki daka, a turmi. Ni ban yarda da injin niƙa ba a nan.

Kaza guda rabin ƙaramin cokali ya ishe ta. Kada ki ƙara kanumfari: sinadarin yujinol ne ke cikin su biyun, in suka haɗu sai naman ya riƙa warin magani. Ki kwaɓa da citta, tafarnuwa, attarugu, albasa, gishiri, lemon tsami da man gyaɗa, ki shafe kazar ciki da waje, ta kwana a firji. In babu wutar lantarki, awa 1 kawai, ki gasa a gawayi.

Don kumburin ciki ana farfasa ƙwaya 4 ko 5 a tafasa kamar shayi. Yujinol yana ɗan kwantar da zogin haƙori, amma ba ya warkar da ramin, sai likita. Mai juna biyu ta tsaya a abin da ke cikin girki, mai shan maganin tsinka jini kuma ya fara tambayar likitansa.

Sauran ƙwayoyin ki rufe a kwalba mai murfi gam, nesa da murhu.