Yadda Ake Gane Tsakar Hamada

Tsakar da muka saba gani a bangon ɗaki a Zariya, tana laɓe kusa da fitila tana cafke ƙwari, daban take da tsakar hamada, ko da yake masana sun sa su cikin dangi ɗaya mai suna Gekkonidae. Wadda ake nufi a nan ita ce Stenodactylus sthenodactylus, wadda Bajamushen masanin dabbobi Lichtenstein ya fara bayyana siffarta a shekarar 1823. Ana samun ta a Sahara, a ƙasashe irin su Nijar, Aljeriya, Libiya, Masar da Sudan, har zuwa Gabas ta Tsakiya.

Da farko a lura da wuri da lokaci, domin da dare take fitowa, kuma a ƙasa take kiwo, kan yashi ko tsakuwa, da rana kuwa ta shige rami ko ƙarƙashin dutse.

Daga nan sai a duba yatsun ƙafa, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi raba gardama. Yatsun tsakar gida suna da faɗi, a ƙarƙashinsu akwai wasu 'yan faifai masu kama bango, shi ya sa take yawo a rufin ɗaki ba ta faɗowa. Na tsakar hamada sirara ne, ba su da waɗannan faifan, saboda haka ba ta iya hawa sumul ɗin bango, kuma idan tana tafiya takan ɗaga cikinta daga ƙasa. Duk wadda aka gani maƙale a silin, an gama magana, ba ita ba ce.

Sai a koma kan ido. Idanunta manya ne, ƙwayar a tsaye take kamar ta kyanwa, kuma ba ta ƙiftawa. Wannan ne yake raba ta da Hemitheconyx caudicinctus, tsaka mai kaurin wutsiya da ake samu a dazukan Arewacin Najeriya, wadda ita ma ba ta hawa bango amma tana rufe ido.

Jikin tsakar hamada, ban da wutsiya, bai cika wuce santimita 6 ba, bayanta ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige, cikinta fari. Ba ta da dafi, amma kada a riƙe ta ta wutsiya domin takan yar da ita. Ɗalibin da ya ci karo da ita ya ɗauki hoton yatsu da ido, ya ajiye rula a gefenta, sannan ya rubuta sunan wurin da kwanan wata.