Kurakuran da ake yi wajen ɗaure mahaɗin sarƙar babur

Yawancin baburan da ke zirga-zirga tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, irin su Boxer, sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, mahaɗinta kuma, wato gaɓar da ke haɗa bakin sarƙar biyu, na kilif ne da filaya ke sawa. Manyan babura masu 520 ko 525 ko 530 su ne ake buɗa wa bakin ƙusar mahaɗi da ƙarfen matsi don kada farantin gefe ya fice, kuma nan ne ko ƙwararren fita, wato makanike, yake yin ɓarna.

Tun a shagon kayan gyara kuskure ke farawa. Mutum ya je Suame Magazine, kasuwar kayan gyaran motoci ta Kumasi, ya ce a ba shi mahaɗin 520, ko wanne ne. Lambar dai tana nuna tazarar ƙusa da ƙusa, milimita 15.875, da faɗin ciki. Ba ta faɗin kaurin ƙusa ko na faranti. Mahaɗin kamfanin DID na sarƙar DID ne, na kamfanin RK na RK, kuma samfuri ɗaya. Wanda aka taɓa buɗa wa baki kuwa ya gama aiki, a jefar.

Sai mantuwa da zoben roba. Huɗu ne, biyu a bayan faranti, biyu a gaba, kuma a shafe su da ƙusoshin da giris ɗin da ke cikin leda. Mahaɗin da aka rufe a bushe shi ke fara ci, don man da za ka zuba daga waje ba ya ƙetare robar.

Babbar matsalar ita ce matse faranti da ƙiyasi. Ana ta juya sifana har sai hannu ya ji tauri, alhali kafin nan roba ta riga ta murƙushe. Ɗauki ma'aunin baniya, mai baki biyu da ake auna kauri da shi, auna faɗin gaɓar da ke maƙwabtaka daga faranti zuwa faranti, ka rubuta. Juya kwata, sassauta, auna, sake juyawa, har mahaɗin ya yi daidai da maƙwabcinsa. Idan ka wuce, gaɓar za ta sandare, ka ga tana ɗagawa kamar gwiwa in ta fito daga haƙoran ƙafar baya, sai ƙara da zafi. Wannan ba ya gyaruwa da duka. Sabon mahaɗi za ka saya, shi ya sa mai hankali ke sayen biyu tun farko.

Buɗa bakin ƙusar ma haka. A tabbata gindinta ya zauna cikin ramin ƙarfen matsin ta baya, in ba haka ba turo ta za ka yi waje maimakon buɗa ta. Kan matsin kuma ya tsaya a tsakiyar ramin ƙusar cak. Buɗawar kaɗan ce ƙwarai, wajen rabin milimita a kan kaurin asali. Yawancin 520 na DID faɗin bakin ƙusar na tsayawa tsakanin milimita 5.5 da 5.8, amma abin da ke jikin kwalin sarƙarka shi ne hujja. Duba bakin a haske: in ka ga tsaga ko siririya kamar gashi, ya lalace. Masu ɗora guduma a baya su doka da wata, su bari, ƙusa ce kawai ke lanƙwashewa.

Da ka gama, lanƙwasa gaɓar da yatsu ka ji tana motsi kamar sauran. Sannan juya ƙafar baya, nemo inda sarƙar ta fi tauri, a nan za ka saita sakinta yadda littafin babur ɗin ya ce, galibi milimita 20 zuwa 30 a baburan titi.